Giyar gida da ta waje: me ya ɓata min katan biyu?

Maman Ladi, Jos

Barkanmu da war haka. Ina da 'yar mashaya a Tudun Wada nan Jos, tebur shida da firji biyu, sai farfesun kan akuya da nake ɗorawa da yamma. Maigidana ne ya buɗe wurin, da ya rasu na ci gaba, bana shekara tara. Ni rabin kwalba ranar Kirsimeti ya ishe ni, saboda haka da bakin masu sha nake auna kayana.

Akwai wasu samari 'yan unguwa masu aiki a Abuja, duk ƙarshen shekara suna dawowa gida. Bara suka dame ni da cewa in kawo musu ta waje. Wai Star da Gulder da Trophy duk ruwan dawa ne, inji ke zubo su dubu-dubu, babu gardi. Abin ya tsaya min a rai, don ba na son baƙo ya zauna a wurina ya tashi da ƙorafi. Ana saura mako biyu Kirsimeti na sayi katan biyu a hannun wani ɗan kasuwa, ƙananan kwalabe koraye, rubutun jikinsu ma ba Turancin da na sani ba ne. Kuɗin ƙarama ɗaya ya kusa na manya uku na gida. Firji ya cika, sai na ajiye katan ɗaya a ɗaki, ɗayan na buɗe na jera kwalaben a kan dakalin baranda don masu wucewa su gani. Sun yi kwana biyar a nan.

Ranar da na fara sayarwa, wani dattijo da ya fi shekara goma yana zuwa wurina ya kai baki, ya ture kwalbar, ya ce warin jaɓa take yi. Na kusa da shi ya ce shi ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali yake ji. Amma ɗaya daga cikin samarin ya shanye tasa, ya ce ai haka ta waje take, mu ne ba mu saba ba. Don Allah masu sani, wa ke da gaskiya? Ta waje ta fi tamu da gaske, ko jabu aka sayar min?

Baba Kakuri

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Na yi shekara ashirin da 'yan kai a ɗakin dafa giya na wani kamfani a Kaduna kafin in ajiye aiki. Dattijon nan hancinsa lafiya lau. Sai dai laifi biyu kika haɗa, kowanne da mafarinsa.

Warin jaɓa aikin rana ne. Ɗacin giya daga furen wani tsiro mai yaɗo yake zuwa, ana ce masa hop. In hasken rana ya ratsa kwalba ya taɓa sinadarin ɗacin nan, sai ya tsinke ya haifar da wani abu mai wari, kuma ba ya buƙatar kwana biyar, yini ɗaya ma ya yi yawa. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan hasken, koriya tana tare kaɗan, fara kuwa kusan ba ta tare komai. Sanyin Jos na Disamba ne ya rufe miki ido, kin taɓa kwalba kin ji sanyi kin ɗauka lafiya, alhali rana tana aikinta.

Ɗanɗanon kwali kuma tsufa ne. Duk yadda aka rufe kwalba, 'yar iska tana saura a ciki, tana cin giyar a hankali, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Kayan da suka yi makonni a jirgin ruwa, suka kwana a tashar jirgi cikin kwantena, suka hau mota zuwa Arewa, sun tsufa kafin su iso hannunki. Kuma ki sani giyar kwalba da ta gwangwani ta daɗe a jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, don haka mai yawa a cikin wadda ake gani ta bayan fage ta biyo, babu wanda zai faɗa miki inda ta kwana.

Maganar ruwan dawa kuwa, samarin sun faɗi rabin gaskiya, kuma abin alfahari ne suka mayar gori. An fara dafa Star a Legas a 1949, da tsiron sha'ir da ake kawowa daga waje, don sha'ir ba ya yi sosai a ƙasarmu. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Ina bakin aiki a lokacin. Mun sha wuya ƙwarai. Sha'ir yana da ƙaiƙayi a jikinsa wanda yake zama rariya in an zo tacewa, dawa ba ta da shi, sai tukunya ta toshe mu kwana a kai. Garin dawa sai ya sha wuta fiye da na sha'ir kafin ya saki, kuma tsironta ba shi da ƙarfin mayar da gari sukari kamar na sha'ir, dole a ƙara masa sinadari. A hankali aka gano kan abin, aka koma sayen farafara da kaura a hannun manomanmu, har da irin da masu bincike na Samaru suka fitar. Daga baya an sassauta dokar, amma dawa da masara sun zauna. Giyar dawa ta fi sauƙi a baki, ba ta da kaurin ta sha'ir zalla. Wannan bambanci ne na gaske, amma ba lalacewa ba ce.

Ɗan Zonkwa a Jamus

Ina gaisuwa, Baba. Mama, sannu da aiki. Shekara shida ke nan ina zaune kusa da birnin Munik, zan ɗan tsaya wa samarin a wuri ɗaya. Akwai giyar da in mutum ya sha a nan zai san ba irin tamu ba ce. A Bavariya akwai dokar 1516 da ta ce ruwa da sha'ir da hop kaɗai za a sa, kuma har yau suna tinƙaho da ita. Jamus tana da gidajen dafa giya sama da 1,000, da yawansu ƙanana ne, garinsu da ƙauyukan kewaye kawai suke sayar wa. Akwai ta alkama, mai duhu-duhu kamar kunu marar kauri, tana ƙamshin ayaba. Ranar da na fara sha na daɗe ina shinshina kofin.

Amma irin waɗannan ba su ne ke zuwa Najeriya ba. Wadda ke tsallaka teku ta manyan kamfanoni ce, ita ma inji ke zubo ta dubu-dubu kamar yadda suka ce ana zubo Star. Budweiser ta Amurka har shinkafa ake sa mata, ba wanda ya kira ta ruwan shinkafa. Ita da Heineken ma ai a Najeriya ake dafa waɗanda kuke sha, ku duba bayan kwalba.

Ga abin da ya fi taɓa ni. A shagunan kayan Afirka na nan da na Landan, Guinness ta Najeriya ce ta waje, kuma da tsada ake sayenta. Ƙarfinta 7.5 cikin ɗari, wadda ake zubawa daga famfo a mashayun Dublin kuwa 4.2 ce. An gina kamfaninta na Ikeja a 1962, shi ne na farko a wajen Ireland da Birtaniya, kuma da dawa da masara ake yin ta. Akwai wani Bajamushe abokin aikina da ke sa in sayo masa duk lokacin da na je shagon.

Direban Garwa

Ni direba ne, ina ɗaukar kaya daga Yola zuwa Garwa ta Kamaru, wani lokaci har Mundu a Chadi. A Garwa "33" Export da Castel ake sha, a Mundu Gala, a can ake dafa ta. Gala da na sha a Mundu daban, wadda na taɓa sha a wannan gefen bayan ta yi tafiya a bayan mota daban, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Na ga yadda ake loda kireti a buɗaɗɗiyar mota a zafin Maris, a tsaya a shinge yini guda. Mama, in za ki sayi kaya ki tambayi dila ranar da mota ta sauke.

Maman Ladi, Jos

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Jiya da na karanta naka na shiga ɗaki na buɗe katan ɗin da rana ba ta taɓa ba. Na aika aka kira dattijon nan, na zuba masa a kofi ban faɗa masa komai ba. Ya ce wannan babu wari, amma lami take, kumfarta ma nan da nan ta kwanta. Na sa tabarau na duba wuyan kwalbar, wa'adinta saura wata ɗaya, kuma babu lambar NAFDAC ko'ina. Ashe warin ni na jawo da hannuna a kan dakali, tsufan kuma da shi aka sayar min.

Maganar dawa ta tuna min da kakata a ƙauye. Burukutu take yi. Ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta rufe har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, kwanaki ana abu ɗaya. Ranar da ya nuna ranar ake shanye shi a ƙwarya, in ya kwana biyu ya yi tsami ya wuce sha, kuma ba ta taɓa sayar da na jiya a matsayin na yau ba. Maigidana kuma har ya rasu yana cewa bai sha wadda ta kai Rock ba, ta zamanin da ake dafa ta a nan Jos a kawo mana da safe.

Ɗana na Jamus, zan nuna wa samarin abin da ka rubuta in sun zo Ista. Saura tambaya ɗaya, Baba. Ana ɗauke mana wuta, giya ta yi sanyi ta huce ta sake sanyi. Wasu na cewa wannan yana ɓata ta.

Baba Kakuri

Kada wannan ya dame ki, 'yata. Ta yi sanyi ta huce sau biyu sau uku ba ya kashe ta, zafi mai daɗewa ne abokin gaba. Ki ajiye kireti a ɗaki mai duhu, nesa da murhun farfesu da janareto, kada ya jingina da bangon da rana ke duka. Ki sayi na mako ɗaya ko biyu kawai, wanda ya riga shigowa shi zai riga fita. Kofi kuma a wanke shi daban da kwanukan miya, ɗigon mai ɗaya yana kwantar da kumfa. In kina son masu wucewa su ga abin da kike da shi, ki jera kwalaben da aka shanye a kan dakalin. Sauran katan ɗin nan marar lamba kuwa, ki mayar wa mai shi.