Neman kalma: antioxidant da antibacterial, kafin ƙarfe 8

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Jama'a a agaza, ƙarfe 8 na dare zan shiga situdiyo. Shirin a kan huanglian ne, wata saiwa ruwan ɗorawa mai ɗan karen ɗaci da mutanen Sin suka daɗe suna sha don gudawa da atini. A tsaunukan Sichuan da Chongqing da Hubei ake nomanta, kuma sinadarin cikinta, barbarin, har ƙwaya ake yi da shi a can. Masu bincike sun ce tana da antioxidant da antibacterial. Me zan ce da Hausa?

Mai kemis: Na biyun ai ba wuya: mai kashe ƙwayoyin cuta.

Malamar kimiyya: A'a Alhaji, ƙwayoyin cuta sun haɗa har da bairos da na cizon sauro. Nan bakteriya kaɗai ake nufi. Kuma ba kullum kisa ba ne. A faranti ake shuka bakteriyar, a ɗiga ruwan saiwar, a auna filin da ta kasa tsirowa. Sau da yawa hana ta yaɗuwa kawai aka yi. Mai yaƙar bakteriya ya fi.

Malamin Hausa: Bakteriya kuma Hausar wane gari ce? Muna da tsarinmu: hana-salla, hana-rantsuwa. Sai a ce kashe-ƙwaya. Ɗayan kuwa hana-tsatsa, tunda aikin iskar oksijin ne, irin wanda take yi wa ƙarfe.

Mai kemis: Allah ya gafarta Malam, ka ce kashe-ƙwaya a rediyo ai sai a ɗauka NDLEA ce ta kai samame.

Malamin Hausa: To bar wannan. Hana-tsatsa fa? Na daɗe ina koyar da ita.

Malamar kimiyya: Ta yi kusa, amma mai sauraro zai zaci jini ne ke tsatsa. Wasu ɓurɓushin sinadarai ne ke lahanta ƙwayoyin halitta, antioxidant kuma ya tare su. A gwajin DPPH, wanda ake auna ƙarfin antioxidant da shi, ruwa shunayya ne ke koɗewa ya koma ɗorawa, shi ke nan. Yaya, don Allah ki faɗa musu a kwalba aka gani: hanji kaɗan ƙwarai yake tsotsar barbarin. Singafo ma ta hana shi a 1978 don tsoron shawara a jarirai, daga baya ta janye.

Ɗan Maraɗi: Mu nan antibiyotik kowa ke cewa, har tsofaffi. Ku Kanawa ne kuke ganin in ba ku sa hannu ba kalma ba ta zama Hausa ba.

Malamin Hausa: Aron Faransanci ya fi na Ingilishi tsarki ke nan? Oksijin ɗin ma da na faɗa, dole ce ta sa.

Ɗan Maraɗi: To ashe kai ma kana aro, Malam.

Mai shirin lafiya: Jama'a saura minti 40!

Mai kemis: Makari fa? Makarin lalacewar ƙwayoyin jiki.

Malamar kimiyya: Makari kamar an sha guba ne. Mai kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa. Doguwa ce, amma ba ƙarya a ciki.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba kalma ba.

Mai shirin lafiya: Na ɗauki mai yaƙar bakteriya. Ɗayan zan karanta na Malama, in ƙara da cewa wasu malamai na kiransa hana-tsatsa.

Malamin Hausa: "Wasu malamai." To, ba laifi. Amma a rubuce ki sa mata karan ɗori.