Muhawara: Sanyin hunturun bana ya ƙaryata ɗumamar duniya?

Malamin lissafi, Kawo: Salamu alaikum. Yau da asuba ruwan alwala sai da na ɗumama shi, yara sun shigo aji leɓe a tsattsage, hazo ya rufe gadar Kawo ruf. A haka za mu tsaya gabansu mu ce duniya na ƙara zafi? Ni dai a cire darasin nan, ruɗa yara kawai yake yi.

Malamar jogarafi, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam, hunturu busasshiyar iska ce daga Sahara, kowace shekara tana zuwa, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyin yau labarin yau ne. Abin da ake cewa ya sauya shi ne matsakaicin shekaru masu yawa. Hukumar Yanayi ta Duniya shekara 30 take haɗawa, ma'auninta na yanzu 1991 zuwa 2020. Kai da kake koyar da matsakaici, don yaro ɗaya ya ci 90 sai ka ce aji duka ya haye?

Malamin lissafi: To matsakaicin me ya nuna?

Malamar jogarafi: Tun da aka fara ajiye lissafi, ba a taɓa shekara mai zafin 2024 ba. Ta haura zafin kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.5. Iskar kabon da ƙona fetur, gawayin kwal da gas ke fitarwa ce take riƙe zafin.

Malamin noma, Rigasa: Ina bayanki, Malama. Ambaliyar 2012 da ta 2022 kaɗai sun isa hujja. Ko bara da ruwa ya shiga gidajen layinmu, na ce wa ɗalibaina sauyin yanayi ke nan.

Malamar jogarafi: A'a fa, Malam, kai ma ka faɗa ramin da ya faɗa. Ka leƙa kwatar layin? Ledar fiya wata da robobin lemo sun toshe ta, wasu kuma sun yi gini a bakin Kogin Kaduna. Ruwan dare ɗaya ba ya zama hujja, ko ga wanda ya yarda ko ga wanda ya musa.

Baba Hedimasta mai ritaya: 'Ya'yana, a yi a hankali. Ni na ga farin 1973, na ga na 1984, shanu suna faɗuwa a hanya. Lokacin muka ce ruwa ya tafi ke nan, sai ga shi ya dawo. Shi ya sa ba na saurin yanke hukunci. Amma a zamaninmu akwai gwangwanin auna ruwan sama a bayan ofishina, monita ne ke rubutawa kowace safiya. Ina suke yanzu?

Malamin lissafi: Baba, Allah ya ƙara lafiya. In da aunawa ne na yarda, lissafi ne. Haddar da ake ba yara ce ba na so.

Malamar jogarafi: Nan mun haɗu. A yanke gora, a manna mata rula, yara su riƙa rubuta ruwan kowace rana daga Afrilu zuwa Oktoba, su gwada da hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa duk shekara. Littafin shekara ɗaya ba zai nuna musu sauyi ba, sai a bar wa ajin da ke biye.

Malamin lissafi: Amma fa maganar ɗumamar ban sauka ba tukuna. Ki turo min alƙaluman Kaduna kanta, ba na duniya ba.

Malamin noma: Ni tambayata, wa zai riƙa dubawa a hutun Agusta, lokacin da ruwan ya fi yawa?