Zane biyu daban, ina so in haɗa su wuri ɗaya, wace manhaja?

Ƴar Fensir: Assalamu alaikum ƴan zaure. Dan Allah a taimaka min, na zana doki a takarda ɗaya mahayin kuma a wata takardar daban, na ɗauke su hoto da waya na tura kwamfuta, yanzu so nake in ɗora shi a kan dokin amma da na jawo shi sai farin takardarsa ya rufe rabin dokin gaba ɗaya. Wace manhaja ce ta fi sauƙi?

Sarkin Leya: Wa alaikumussalam. Kowacce ma za ta yi. Ki sa mahayin a leyar sama (leya kamar shimfiɗa ce, wata kan wata, kowane zane da tasa), ki canza ta daga Normal zuwa Multiply, farin zai ɓace nan take.

Ɗan Linux: GIMP. Kyauta ce. Ki shiga File ki danna Open as Layers ki zaɓi duka biyun lokaci guda.

Sarkin Leya: An fara 😂

Malam Mai Alli: Sarki ka faɗi rabi ka bar rabi. Multiply ba goge farin yake yi ba, ninka launin sama da na ƙasa yake, fari kuma a lissafinsa ɗaya ne, duk abin da ka ninka da ɗaya yana nan yadda yake. Shi ya sa takardar ke ɓacewa. To amma cikin cinyar mahayin ma ai fari ne, don haka layin gadon bayan dokin zai fito ta cikin ƙafarsa ɓaro-ɓaro kamar mutumin gilashi. Ƙanwata abin da za ki yi, ki buɗe sabuwar leya tsakanin doki da mahayi, ki cike siffar mahayin da fari a kanta, iya cikin layinsa kawai. Ƙafar da ke wancan gefen kuma ita ce ya kamata ta ɓuya bayan dokin, sai ki sa mata maski, wato rufin da ke ɓoye sashen leya ba tare da gogewa ba, ki shafa baƙi. Baƙi ɓoyewa yake, fari ya dawo da abin. Kar ki taɓa magogi.

Ƴar Fensir: Na gwada Multiply ɗin, farin bai tafi duka ba, akwai wani murabba'i toka-toka kewaye da shi

Malam Mai Alli: Hoton waya ne ai, takardar ba fara tas ta fito ba. Ki shiga Levels ki jawo ɗan tsinin dama zuwa hagu har tokar ta koma fari, na hagun kuma ki ɗan turo shi ciki layin ya yi duhu.

Baban Ƴan Biyu: Ko ta sake ɗauka kusa da taga ba filasha, kuma wayar ta kalli takardar sak ba a karkace ba

Oga Firinta: Ni dai tunda aka zo kan maganar nan bari in amayar da abin da ke cina. Kwanaki na yi wa wani aikin bangon littafin yara, mutum huɗu da bishiya da kare kowanne a leyarsa na shirya su tsaf wannan gaban wancan, sai na ba wani yaro da muke aiki tare fayil ɗin ya gyara min rubutun sama kawai, wallahi rubutu kawai, bawan Allah ya danna Flatten ya haɗe komai ya fitar da JPEG ya turo min ta WhatsApp a matsayin hoto ba fayil ba, na asalin kuma ya yi sabin a kansa. Washegari mai aikin ya ce a matsar da karen daga gaban yarinyar. Da me zan matsar? Bayan karen babu komai, ƙafar yarinyar da ya rufe ta tafi har abada sai da na sake zanata. Ga WhatsApp ya matse hoton gefen layukan duk sun yi dusu-dusu. Don haka ƴar uwa ko wace manhaja kika ɗauka ki ajiye mai leyoyin daban, PSD a Photoshop, XCF a GIMP, KRA a Krita, wanda za ki tura wa mutane shi ne za ki fitar daban. Kuma JPEG ba ya riƙe wurin da babu komai, fari zai zuba miki a ciki, in kina so bayan ya zama wayam PNG za ki fitar.

Baban Ƴan Biyu: Allah ya huci zuciyar Oga. Yaron yana raye dai? 😂

Oga Firinta: Yana nan, shi ke cire takarda daga firinta yanzu.

Ɗan Linux: Duk wannan cike farin da Malam ya ce daidai ne amma ni na fi son Color to Alpha, yana ƙarƙashin Colors, da gaske yake cire farin ya bar layin kaɗai har da inuwar fensir, sai ki iya kai shi kan kowane launi. Krita ma tana da shi. Ba kamar sandar tsafin nan ta Magic Wand da mutane ke dannawa su goge ba, ita ke barin farin zare a gefen layi, ba ka gani sai ka ɗora a kan bango mai duhu.

Sarkin Leya: GIMP ɗin da in ka yi kwafi ka manna sai abu ya tsaya yana shawagi sai ka danna Anchor ka kafe shi?

Ɗan Linux: Wannan a 2.10 ne. Tun da 3.0 ta fito a 2025 in ka manna sabuwar leya take buɗewa. Ka sabunta iliminka.

Sarkin Leya: Photoshop tun 1994 take da leya, ku sai yanzu kuke murnar manna abu

Ɗan Linux: Kai taka Photoshop ɗin biya kake ko dai irin waccan ce?

Sarkin Leya: Malam ka ja masa kunne

Admin: A bar maganar waccan a nan dan Allah, mun sha faɗa.

Hajiya Kala: Ni duk a waya nake yi da ibisPaint X, da kin shigo da hoton za ta tambaye ki ko a ciro layin zanen, ki ce eh, shi kenan. In kuma kwamfutar ba ki son sauke komai ki buɗe Photopea a burauza, har PSD tana buɗewa.

Malam Mai Alli: Abu ɗaya da ba a faɗa ba, girma. In mahayin ya fi dokin girma shi za ki rage, kar ki ja dokin ya ƙaru, tsabtar hoto ba ta ƙaruwa da ja, dishi-dishi kawai zai yi. Kuma kaurin layi zai bambanta, wanda kika rage layinsa zai sirance, ido na kama wannan da wuri. In bugawa za a yi a A4 ki buɗe shafin a fiksel 2480 da 3508, shi ne 300 DPI, wato ɗigo 300 a kowane inci.

Baban Ƴan Biyu: Hajiya ibis ɗin nan ba ita ce mai talla ba? Ni tallar ce ta kore ni

Hajiya Kala: Talla ɗaya ka kalla ta buɗe maka burushin, ina wahala a nan

Ƴar Fensir: Na gode kwarai, tokar ta tafi, ya hau dokin. Sai dai yanzu na lura dokin hagu yake kallo shi kuma dama

Sarkin Leya: Ki juya leyar mahayin kaɗai, kar ki juya shafin duka

Baban Ƴan Biyu: Ko ki bar shi haka ki ce gudu yake daga Oga Firinta