Kafin ka karɓi kujerar darakta a ƙungiyar buɗaɗɗiyar manhaja

Ranar Asabar a Unguwar Rimi, wani abokinmu mai rubuta manhaja ya kawo mana zancen tayin da aka yi masa: kujerar darakta a ƙungiyar kamfanonin buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke iya dubawa, ya gyara, ya raba. Aikin sa-kai ne, ba ko sisi. Ga abin da na tsinta.

Wani dattijo da ya taɓa zama ɗaya daga cikin amintattun wata ƙungiya, wato waɗanda doka ta ɗora wa alhakinta, ya fi kowa jan magana. Ya ce: "Ɗana, karanta kundin tsarin ƙungiyar da lissafin kuɗinta kafin ka amsa." A Najeriya, in an yi wa ƙungiya rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, sunayen amintattu ne a takarda, kuma duk shekara sai an miƙa rahoto. In aka yi sakaci, su za a nema. Ni dai maganar nan ta fi shiga raina.

An taɓo lokaci ma. Misali, Gidauniyar Apache mai kula da ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja, wadda aka kafa a 1999, daraktocinta tara ne, mambobi ke zaɓensu duk shekara, kuma suna zama kowane wata. Yawancin aikin karanta rahoto ne da sasanta mutane, ba rubuta manhaja ba.

An kuma shawarci abokin namu cewa in ƙuri'ar daraktoci ta shafi ribar kamfaninsa, ya faɗa a fili, ya janye. Wata 'yar'uwa ta ce ya tambayi wa zai biya kuɗin jirgi in taro ya kama a Legas.