Wace kalma za mu ba empiricism? Gobe nake naɗar shiri

Mai shirin rediyo, Gombe: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 10 zan naɗi shiri kan falsafa, na maƙale a kan empiricism. Ra'ayin su John Locke ne na Ingila, wanda ya rubuta a 1690 cewa zuciyar jariri farar takarda ce, abin da ya gani, ya taɓa, ya ɗanɗana shi ke rubutu a kanta. A taimaka kafin Isha.

Ɗan Pantami: Ai magabata sun gama mana aikin: gani ya kori ji. Ka ce ganauci, mai ra'ayin kuma ganau.

Malama daga Kumo: Yaya, a yi hattara. Bahaushe da "ji" yake jin ƙamshin turare, da shi yake jin ɗacin maɗaci, da shi yaro ke jin zafin murhu ya janye hannu. In gani ya kori ji, ka kori hanci da harshe da fata, ka bar wa Locke ido kaɗai. Makaho fa, ba shi da sani ke nan?

Ɗan Pantami: Jin karin maganar nan na jiyau ne, an ce ka ce. Shekara biyu ina amfani da ganauci a aji, babu ɗalibin da ya ruɗe.

Alaramma na Dukku: Larabawa tajribiyya suke cewa, tushenta ɗaya da jarrabawa. Kuma Ibnul Haisam, mutumin Basra, yana gwada haske a ɗaki mai duhu tun shekaru 600 kafin Locke.

Ɗan Pantami: Allah gafarta malam, Hausa muke nema, ba aro ba.

Alaramma na Dukku: To ka mayar musu da ilimi da hankali tukuna.

Baffa na Jekadafari: Ku gama wahalarku, sai malaman Kano da Zariya sun sa albarka za ta shiga littafi.

Malama daga Kumo: Baffa, shirin a Gombe za a saurare shi. Ni dai gogewa ta fi kwanta mini, illarta mai sauraro zai zaci tsohon direba ake nufi.

Mai shirin rediyo, Gombe: An kira sallah. Zan ce "ra'ayin samun sani ta gani da gwaji", sannan in ambaci ganauci sau ɗaya, in ji me masu kiran waya za su ce.

Ɗan Pantami: Kalma bakwai a madadin ɗaya. To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka ja wasalin ƙarshe, kada ka ɓata mini ita.