Hutun yara a jirgin ruwan kogin Nilu: ƙaramin jirgi ko babba?

MamanUku_Abj

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka taɓa zuwa. Abbansu ya yi wa yara alƙawari tun bara cewa in sun yi ƙoƙari a jarrabawa za mu fita waje hutu, to sun yi, yanzu kullum sai an tuna min. Mun tsayar da Masar saboda jirgi ɗaya ne daga Abuja har Alƙahira, ga abinci halal ba sai mutum ya yi ta bincike ba. Abin da ya ja hankalina jiragen ruwan nan ne da ke tafiya a kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, a ciki za ka kwana a ciki za ka ci, yana tsayawa kana sauka kallon wuraren tarihi. Ni wanda ya kwanta min a rai shi ne ƙaramin nan da ake ce wa dahabiya, mai manyan ƙyallaye da iska ke turawa, ɗakuna ba su fi takwas ko goma ba, wlh hotunan kaɗai sai ka ji hankalinka ya kwanta. Amma yarana shekara 11 da 7 da auta mai shekara 3, shi autan nan ba ya zama waje ɗaya ko na minti biyu, ga ruwa ta ko'ina, kuma na lura yawanci dattawan Turawa ne ke shiga masu son shiru. Za a karɓe mu da yara ma kuwa? Sannan dogon hutun Agusta muke so. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ba na so mu zuba su mu dawo da takaici.

ƊalibinAzhar

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ban taɓa kwana a jirgin ba amma na yi shekaru a Alƙahira ina karatu kuma na je Luksor da Aswan ta jirgin ƙasa, maganar Agusta ce ta sa na ce bari in tanka. Hajiya a cire Agustan nan dan Allah. Kudancin Masar a wannan lokacin zafi na wuce digiri 40 kusan kullum, babu ruwan sama babu gajimare, kuma wuraren da za a kai ku duk dutse ne da rairayi. Kwarin Sarakuna da ke kusa da Luksor, inda kabarin Fir'auna Tutankhamun yake, wanda aka gano a 1922, tsakanin duwatsu yake ba bishiya ko ɗaya, in ka shiga ramin kuma ba iska. Kar a ce ai mun saba da zafi, a gida in rana ta take muna cikin inuwa ne, can kuwa yawo za a yi da ƙafa. Ku bari sai hutun Disamba, da rana daidai da dare sanyi kamar hunturun Kano, ku tafi da rigunan sanyi. Sai dai lokacin ne farashi ke tashi saboda kowa shi yake jira. Biza a nema tun da wuri, kuma kar a manta katin rigakafin ciwon shawara na kowa har yaran.

Hajiyar_Kaduna

Ƴar uwa mu mun je a Disamba da yara huɗu, bari in faɗa miki gaskiya tsakani da Allah. Da farko ni ma dahabiyar nake so, da muka tuntuɓi guda biyu ɗaya suka ce ba sa ɗaukar ƙananan yara sai in mu za mu kama jirgin gaba ɗaya, ɗayan suka ce za su ɗauka amma mu sani tebur ɗaya ake cin abinci da sauran baƙi kuma babu wurin wasan yara. Nan na yi tunani, jirgi mai mutum goma sha wani abu, in yaro ya yi kuka ƙarfe biyun dare kowa ya ji, kin biya kuɗinki amma kina ta ba mutane haƙuri, wane hutu ke nan. Sai muka shiga babba mai ɗakuna kamar sittin, kwana huɗu daga Luksor zuwa Aswan, in daga Aswan kika taso kwana uku ne saboda ruwan ake bi.

Yaran sun ji daɗi sosai ba kaɗan ba. Abin da har yau suke labari ba ma gine-ginen ba ne, Esna ce, wani gari a bakin kogin tsakanin Luksor da Aswan, inda jirgi ke shiga wata mashiga a rufe ƙofar ƙarfe a bayansa ruwa ya riƙa cika yana ɗaga jirgin a hankali har ya kai daidai da na gaba sannan a buɗe. Kafin a shiga kuma masu talla suna zuwa da ƙananan kwale-kwale su ɗaure a jikin jirgin, su cillo jallabiya da tawul cikin leda har saman bene, in kin daidaita ki sa kuɗi a ledar ki jefa musu in ba ki so ki mayar, 'yata ta tsaya tana ta ihu wai Umma kasuwa a kan ruwa. A garin Edfu keken doki ake hawa zuwa wurin tarihin, a Kom Ombo akwai ɗakin da aka ajiye busassun kadoji na zamanin Fir'auna, yaron nawa ƙin fitowa ya yi. Ga zoɓo, su karkade suke ce masa, da shi ake tarbar baƙi.

Abin da ban so ba kuma zan faɗa. In an tsaya a tasha jiragen jerawa suke gefe da gefe har huɗu biyar, sai kin ratsa ta cikin wasu kafin ki taka ƙasa, ki buɗe labule ki ga tagar wani, ga ƙarar janareto. Saman bene kuma akwai ɗan wurin wanka da wurin sayar da giya, shigar wasu baƙin ba irin wadda za ki so yara su zauna suna gani ba ce, mu da sassafe muke hawa sai kuma bayan la'asar.

MamanUku_Abj

Allah ya saka da alheri, Agusta kam an cire. Hajiya maganar benen nan ce ta tsaya min a rai, ita ce ma ta sa nake son ƙaramin tun farko. To shi autan fa, ya kuka yi da naku ƙaramin?

BabanYara_Zinder

Hajiya in sa baki. Mu ƙaramin muka shiga amma gida uku muka haɗu, ni da ƙanena da wani amininmu, muka kama jirgin dukansa muka raba kuɗin, kuma a ganina ta haka ne kawai dahabiya ke yi wa mai yara daɗi. Mun ce kar a ɗora giya ba a ɗora ba, mai dafa abinci yana tambayar me yara ke ci, sallah muna yin jam'i a saman bene ma'aikatan jirgin suna bin mu sahu. Daga Esna muka tashi, in iska ta tsaya wani ƙaramin jirgi mai inji ke jan mu daga nesa don haka ba ƙara, kuma yana tsayawa inda manyan ba sa iya tsayawa, kamar Jabal Silsila inda aka sassaƙo duwatsun da aka yi tsoffin gine-ginen Karnak na Luksor da su. Amma kan auta ba zan ɓoye miki ba, jirgin kusa yake da ruwa kuma shingen gefe ba don ɗan shekara 3 aka yi shi ba. Mu rabon aiki muka yi, kowane lokaci akwai babba ɗaya da ba shi da aiki sai kallon ƙananan, kuma rigar ceto ta yara daga gida muka taho da ita daidai jikinsu. Kar ki bari su shiga kogin ko an ce wurin mai tsafta ne, saboda tsargiya. Wurin tarihin Abu Simbel kuwa mu da ƙananan ba mu je ba, kusan kilomita 280 ne daga Aswan kuma tun kafin asuba ake tashi.

MamanUku_Abj

Madalla Alhaji, na gode ƙwarai. Yayata na da yara uku kuma hutunsu ɗaya da namu, yau da daddare zan kira ta in ji ko mijinta zai yarda mu haɗa. Dan Allah ɗakuna nawa ne a naku, kuma tun wata nawa kafin tafiya kuka kama?