Zuwa Yankari da yara: yaushe ake ganin giwa ba tare da turmutsitsi ba?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure, an yini lafiya? Don Allah shawara nake nema. Maigidan ya ce zai kai mu Yankari washegarin ƙaramar Sallah, daga nan Gombe za mu taso mu dawo a ranar. Yaran nan ba su da magana sai ta giwa. Waɗanda suka taɓa zuwa ku taimaka mana.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. In dai giwa ce burin yaran, ki lallaɓi Alhaji ya ɗaga tafiyar. Ranakun Sallah da na Kirsimeti da sabuwar shekara sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin, cika yake kamar kasuwar Wunti ta Bauchi. Layin motar shiga daji kaɗai ya isa ya cinye muku yinin.

Anti Rabi: Wallahi gaskiya ya faɗa. Mu da Sallah muka je. Matasan da muka shiga mota ɗaya da su sun kunna kiɗa a waya, ana ta shewa. Ɗan rakiya ya yi ta roƙo a yi shiru, babu mai ji. Gadu da birai kawai muka gani, sai wani mazo da ya gilma da gudu. Ɗan autana har kuka ya yi.

Malam Yunusa: Maman Hanifa, bari in ɗan yi bayani, don na daɗe ina zuwa wurin nan kuma ina ƙaunarsa. Yankari ba gidan zu ba ne. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, babu dabbar da aka ɗaure tana jiran baƙi. Abin da ke sa a gan su shi ne ruwa. Da rani tafkunan cikin daji kan ƙafe, sai kogin Gaji ya rage, to giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza dole su gangaro can su sha. Ciyawa ma ta bushe, ido na hango nesa. Shi ya sa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin kallo. Da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta fi tsayin mutum, giwa na iya kasancewa kusa da ku ba ku sani ba.

To ga inda matsalar cunkoso take. Duk faɗin dajin nan, kowace mota bakin Gaji take nufa, tunda can dabbobin suke. Motar farko da ta isa da sassafe ita ke iske su a natse. In ta biyar da ta shida suka biyo da ƙarar inji da hayaniya, garken ya riga ya kutsa cikin kurmi. Giwa tana da ji da sansano fiye da yadda muke zato.

Maman Hanifa: Ikon Allah. Malam, ke nan ko da mun taso da asuba ba za mu riski fitar safe ba?

Malam Yunusa: Da wuya Hajiya. Daga Gombe sai kun bi titin Bauchi kun wuce Alkaleri zuwa Dindima, nan za ku karya kwana zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 kafin Wikki, ba kuma hanyar da ake zuba gudu ba ce, don dabba kan tsallaka. Kafin ku yanki tikiti ku isa, rana ta take, dabbobi sun nemi inuwa. Ku kwana can. Ku isa da la'asar, ku yi fitar yamma in kun samu, washegari bayan sallar asuba ku kasance a motar farko.

Kawu Ɗanjuma: Ni fa ina da ja a nan. Kowa na cewa a guji Sallah, to ma'aikaci da ɗan kasuwa yaushe suke da sarari in ba Sallah ba? Yara kuma suna makaranta. Sannan kuɗin da jama'ar nan ke biya ai amfanin wurin ne. Tun 2006 dajin ya dawo hannun jihar Bauchi daga gwamnatin tarayya, in mutane ba sa zuwa me zai sa a damu da shi? Na fi son in ga 'ya'yanmu sun cika wurin da a ce sai Turawa suka san darajarsa.

Anti Rabi: Kawu ba wanda ya ce kada a je. Ni hayaniyar ce ta dame ni, da ledoji da robobin lemo da ake watsarwa a bakin ruwa.

Malam Yunusa: Maganarka na kan hanya Kawu, ni ma yawan masu zuwa faranta min rai yake. Tun 1962 aka buɗe wurin ga jama'a, amma har yau akwai 'yan Bauchi da Gombe da suka tsufa ba su taɓa leƙawa ba, wannan ya fi damuna. Abin da nake roƙo shi ne a rarraba zuwan. Hutun makaranta ai ya fi kwana uku na Sallah tsawo. A bar ranar Sallah da kwana biyun bayanta su wuce, a je Talata ko Laraba. Giwayen nan suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a duk Najeriya, sun tsira daga maharba masu neman haure da ƙyar. Bai kamata mu da muka zo da ƙauna mu zama masu korarsu daga mashaya ba.

Sadiya ɗaliba: Baba Malam, mu da makaranta ta kai mu an ce kada mu sa baƙaƙen kaya ko shuɗi. Wai da gaske ne?

Malam Yunusa: Da gaske ne 'yata. Ƙudan tsando baƙi da shuɗi ke jawo shi, cizonsa kuwa da zafi. Ku sa ruwan ƙasa ko ruwan toka, mai dogon hannu.

Baban Sadiq: Hajiya ki ja wa yaran kunne kan gwaggon biri. A cikin sansanin suke yawo, sun saba da mutane har ba sa tsoro. Suna fizge leda daga hannun yaro, in aka bar taga a buɗe su shiga ɗaki. Mutane ne suka ɓata su da miƙa musu biskit don ɗaukar hoto. Kada ku ba su komai, abinci ya zauna a but ɗin mota a kulle.

Anti Rabi: Ruwan Wikki kam, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ake wanka a kusa da sansanin, ba a magana. Garau yake, kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Amma mata in kuna son sakewa ku sauka da sanyin safiya ko bayan kun dawo daga daji kafin motocin 'yan yini su iso. Da azahar ranar hutu ba wurin sa ƙafa. Wajen bakin dutsen da ruwan ke ɓuɓɓugowa ya fi zurfi, ki riƙe ƙananan a can ƙasa inda bai wuce gwiwa ba.

Kawu Ɗanjuma: To tunda an dage, ga tawa shawarar. Wanda ba shi da hali sai ranar Sallah, ya tafi Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Akwai raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya, wurin bai kai Yankari girma ba, ganinsu ba ya wuya. Giwa ce dai babu.

Maman Hanifa: Kawu ai giwar ce rigimar. Malam, in mun bi duk abin da ka ce, tabbas za mu gan ta?

Malam Yunusa: Tabbas sai Allah, Hajiya. Garken na yawo, wani lokaci yana can nesa da hanyoyin mota. Ki gaya wa yaran tun daga gida don kada ransu ya ɓaci. Ki nuna musu sawunta da kashinta da rassan da ta karya, ɗan rakiya zai gaya muku ko na jiya ne ko na yau. Ga dorina da kada a Gaji, ga tsuntsaye sama da iri 350. In da lokaci ku nemi a kai ku kogunan Marshall, ramukan da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, can ba a cika cunkoso ba. In kuwa Allah ya haɗa ku da giwa, musamman mai ɗa, kowa ya zauna a mazauninsa. Kada wani ya matsa wa direba ya ƙara kusa don hoto, uwar ba ta wasa.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, na tura wa Alhaji duk bayanan. Ya ce Talatar bayan Sallah in sha Allahu, kwana ɗaya.

Baban Sadiq: Madalla. Ya kama ɗaki tun kafin ku taso, ya cika tanki a Gombe ko Alkaleri, ku riƙe tsabar kuɗi saboda sabis kan yi wuya a ciki.

Anti Rabi: Maman Hanifa, in akwai wuri a motarku ki yi min magana ta gefe. Ɗan autana har yanzu yana bina bashin giwa.